Enzayim Ɗin Salfatas: Cutar Yara Kaɗan Da Ta Shafi Kowa

A cikin ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam akwai sinadarai da ake kira enzayim, waɗanda ke hanzarta narkar da abubuwa da sarrafa su. Daga cikinsu akwai dangin salfatas, kuma mutum yana da iri 17. Aikinsu shi ne cire ɓangaren salfet, mai ɗauke da farar wuta, daga jikin wasu nau'o'in sukari da kitse da sinadaran homon. Da yawansu suna aiki ne a cikin laisosom, wata 'yar ƙaramar jaka a ƙwayar halitta da masanin Beljiyam Christian de Duve ya gano a 1955. Laisosom kamar bolar unguwa yake: muddin masu kwashe shara suna zuwa, ba wanda ke tunawa da ita, amma ranar da ɗaya ya daina, tari zai fara. Ina ganin binciken waɗannan sinadarai ya cancanci kulawarmu, duk da cewa cututtukan da rashinsu ke haifarwa ba su yawaita ba.

Illar rashinsu babba ce. A 1917 likita Charles Hunter na Kanada ya yi bayanin wasu 'yan'uwa maza biyu masu cutar da yanzu ke ɗauke da sunansa. Ana haihuwar yaro lafiya lau, sannu a hankali fuskarsa ta yi kauri, ciki ya kumbura saboda girman hanta da saifa, gaɓoɓi su sanƙare, ji ya ragu. Salfatas guda ɗaya tak ya rasa. Idan kuma arilsalfatas A ne babu, kitse mai salfet yakan taru ya lalata rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, cutar da ake taƙaitawa da MLD. Yaron da ya fara tafiya da kiran sunan mahaifiyarsa sai ya riƙa faɗuwa, maganar ta ɗauke, ya koma kwance.

Wani zai ce, a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kashe yara kullum, ina amfanin ɓata lokaci kan cutar tsiraru? Tambayar tana da nauyi, amma tarihin binciken ya amsa ta. A 1968 Elizabeth Neufeld da abokan aikinta a Amurka suka haɗa ƙwayoyin halittar mai cutar Hunter da na mai wata cuta makamanciyarta, cutar Hurler, a kwano ɗaya, sai kowane ɓangare ya gyara ɗan'uwansa, domin yana fitar da abin da ɗayan ya rasa. Wannan ya nuna ana iya bai wa ƙwayar halitta enzayim daga waje ta karɓa. A kan wannan tushe aka samu magungunan enzayim: Naglazyme a 2005, Elaprase na cutar Hunter a 2006, da Vimizim a 2014. Ilimin ya kuma tsallaka zuwa cutar da ta zama ruwan dare: wani salfatas yana mayar da homon na mata daga yanayin ajiya zuwa mai aiki, wanda ke ciyar da wasu nau'o'in sankarar mama, shi ya sa masana ke gwada magungunan da za su toshe shi.

Suka ta biyu ita ce tsada, kuma ba a musun ta. Maganin gyaran ƙwayar gado na MLD, wanda Turai ta amince da shi a 2020, ya shiga kasuwar Amurka a 2024 a kan dala miliyan 4.25. Magungunan enzayim da aka ambata kuwa, waɗanda ake ɗurawa ta jijiya kowane mako, ba sa isa ƙwaƙwalwa sosai. Sai dai magani ba shi kaɗai ne amfanin ilimi ba. MLD tana bin hanyar gado irin ta sikila: idan uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita. Iyalin da suka san haka ba za su ƙarar da dukiyarsu wajen neman maganin iska ko sammu ba, kuma ba za a ɗora wa uwa laifin abin da ba ta jawo ba. Ƙari a kan haka, maganin gyaran gadon yana aiki ne idan an yi shi kafin alamomi su yi ƙarfi, don haka gano cutar a jikin yaro ɗaya yana buɗe ƙofar gwada ƙannensa da wuri.

Al'ummar da ta riga ta karɓi gwajin jini kafin aure tana da tushen da za ta ɗora wannan a kai. Abin da ya rage shi ne asibitocin koyarwa su samu kayan auna waɗannan enzayim, a horar da masu ba iyalai shawara kan cututtukan gado, kuma likitan da aka kawo wa yaron da ya daina tafiya bayan ya iya ya sa cutar gado cikin lissafinsa tun ranar farko.