Kuntigin Ɗan Maraya da molon Italiya: abin da faifai ya riƙe

Kafin a ƙirƙiri Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba, 1996, Keffi tana cikin Jihar Filato ne, don haka Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos ɗan gida ne a wurin dattawan garin. Ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015, amma har yau ma'aikacin da ya yi sammako daga Keffi zuwa Abuja, ya maƙale a cunkoson Mararaba, ba wuya ya ji kuntiginsa na tashi daga wata motar haya.

Kuntigi ba wani babban kayan kiɗa ba ne: gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya, aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Makaɗan fada suna tafe da kotso ko taushi da tarin 'yan amshi, shi kuwa Ɗan Maraya daga shi sai muryarsa sai wannan tsirkiyar. Shi ya sa a waƙoƙinsa irin na karen mota da jawabin aure ba kalmar da ke ɓacewa. Kiɗan yana bin magana ne kamar bara a bayan ubangidansa.

Abin mamaki, wannan dabarar ce ta girgiza kiɗan Italiya shekara 400 da suka wuce. A lokacin, an saba da muryoyi biyar suna saƙa da juna har a rasa me ake faɗi. A 1602 Giulio Caccini ya buga littafinsa Le nuove musiche a birnin Fulorans, inda ya fifita murya guda tare da kayan kiɗa guda, musamman chitarrone, wani ƙaton molo mai dogon wuya da tsirkiya kusan 14. A 1604 Kapsberger ya buga littafin kiɗan wannan molo zalla a Banis. Sunan da Turawa ke kiran dangin molon nan da shi ma daga Larabci suka aro, wato al-ud.

Inda aka rabu shi ne takarda. Molon Italiya ya daina tashe, aka yi ƙarni da wani abu ba mai kaɗa shi, amma da yake an rubuta sautin an kuma buga, masana na ƙarni na 20 suka sake ƙera shi, suka koyi kiɗan daga littafi. Faifan Nuove Musiche da Rolf Lislevand ya fitar a kamfanin ECM a 2006 ɗa ne na waɗannan tsofaffin shafuka.

Namu ba shi da wannan gatan. Ajami ya adana baitoci, bai adana motsin yatsa a kan tsirkiya ba. Gurmin Haruna Uji da kuntigin Ɗan Maraya ba su da littafi sai abin da na'ura ta ɗauka: faifan garmaho, da kaset, da zaren da gidajen rediyo suka naɗa, musamman na Kaduna da aka buɗe a 1962, da kuma abin da David Ames ya ɗauka a Zariya a 1963 da 1964, wanda ya fito a faifai biyu cikin jerin UNESCO.

Wani zai ce ai waƙoƙin suna cikin kowace waya. Suna nan, amma sau da yawa an datse farkonsu, an matse sautin, babu shekara, babu sunan wurin da aka ɗauka. Kwafin kwafi ne, kamar labarin da ya bi baki goma.

A 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, suka yi gargaɗi cewa na'urorin kunna zaren kaset suna ƙarewa, kayan gyaransu ma an daina yi. Jami'an da ke tsara kasafin gidajen rediyon tarayya da hukumomin al'adu su ne alƙalamin ke hannunsu. Aikin kuwa ba ya karɓar gaggawa: zaren awa ɗaya sai an ba shi awa ɗaya cur kafin a juye shi cikin kwamfuta, ban da lokacin sharewa da gyaran inda ya tsinke.