Kwana da Ɗori: Abin Lura a Dararen Farko

A ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum karaya ba baƙuwa ba ce: wani babur ne ya kayar da shi, wani ramin haƙar zinare ya rufto masa. Ko siminti aka naɗa masa a asibiti, ko mai ɗori ya ɗaure shi da karare, wahalar takan kankama ne bayan isha'i.

Gaɓar da ta karye kumbura take yi, musamman a kwana 2 zuwa 3 na farko, siminti kuwa ba ya buɗewa ya ba ta wuri. Don haka a kwanta rigingine, a ɗora ta bisa matashi ko zannuwan da aka ninke har ta ɗara ƙirji tudu. In ƙafa ce, a tallafe sha-raɓa a bar diddige yana reto, domin idan ya kwana a danne, gyambo ke fita a ciki ba wanda ya gani. Shi ma simintin yakan yi kwana 2 ko 3 kafin ya bushe sarai. Aza shi a bakin gado tun yana ɗanye na iya lotsa shi, lotsin kuma ya riƙa cin nama.

Da bazara zufa na kawo ƙaiƙayi, hannu kuma ya kai ga tsinken tsintsiya. A bari. Ƙujewa kaɗan a wurin da iska ba ta shiga ta isa ta zama ƙurji. Gara a yi fifita da mafici ta bakin ɗorin.

Babban haɗarin shi ne ɗauri ya matse har jini ya kasa wucewa. Alamunsa: zogi mai ƙaruwa da ba ya jin magani, yatsu su yi sanyi, su dushe ko su yi sagau, ko a kasa motsa su. Cikin kamar awa 6 nama na iya fara mutuwa, kuma ta nan ake kaiwa ga yanke hannun yaro kan karayar da ba ta taka kara ta karya ba. A ganina, mafi munin dabara ita ce a ba mutum tiramol don ya samu barci, a ce da shi "yi haƙuri, ƙashi ne ke haɗewa."

Tun da bin hanya da dare a yankin nan sai dole, a duba yatsun tun da la'asar: a danna farce, a ga ko jini ya dawo nan take. In bai dawo ba, kada a jira gari ya waye. A nufi babban asibitin Anka, Gummi ko Bukkuyum a sassauta ɗaurin.