Sharar Da Muke Ƙonawa Ita Ce Mayafin Itatuwanmu

Duk wanda ya saba sammako a garuruwanmu, ko a Fagge ta Kano, ko a unguwar Sabo ta Ibadan, ya san ƙarar tsintsiya tun kafin rana ta ɗaga. Akan share tsakar gida tas, a tattara ganyen mangwaro da na dogon yaro da suka zubo cikin dare, a kai su bayan katanga a cinna musu wuta. Sa'an nan a ɗebo ruwa, wanda sau da yawa da kuɗi aka saye shi wajen ɗan garuwa, a zuba a gindin itacen da aka share ƙarƙashinsa. Kafin azahar ƙasar ta bushe ƙamas, sai ka ce ba ta taɓa ganin ruwa ba.

Tsabta abu ne mai kyau, babu mai musun wannan. Amma fa a nan akwai hasara wadda yawancinmu ba mu lura da ita ba. Ganyen nan da muke ƙonawa shi ne abin da zai riƙe wa itacen ruwansa, ya kuma zame masa abinci daga baya. Masana aikin gona sun daɗe suna kira ga jama'a da su riƙa lulluɓe ƙasar da ke kewaye da itatuwa da furanni da busasshen ganye, ko ciyawa, ko kara. Wannan lulluɓi shi ne muke son mu yi wa mai karatu bayani a kansa yau.

ABIN DA RANA KE YI WA ƘASA

A yawancin ƙasar Hausa, daga watan Oktoba har zuwa Mayu da wuya a sami ruwan sama na kirki. Da farko hunturu ya zo da busasshiyar iskarsa ya tsotse danshin da damina ta bari. Yana wucewa sai bazara ta kama, inda a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a wurare kamar Sakkwato da Maiduguri. Wannan kuwa awon iska ne a inuwa. Fuskar ƙasar da rana ke duka kai tsaye ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, kamar yadda duk wanda ya taɓa taka rairayi ba takalmi da tsakar rana zai ba da shaida.

To, a daidai wannan wuri mai zafi ne itace ke neman abincinsa. Mutane da yawa suna zaton duk saiwoyin itace can ƙasa suke nutsawa. Gaskiya ne akwai masu nutsawa, amma ƙananan saiwoyin nan masu kama da gashi, waɗanda su ne ke shan ruwa da taki, yawancinsu suna kusa da sama ne, suna kuma bazuwa har su kai iyakar inuwar rassa, ko ma su zarce. Idan ƙasa ta yi zafi ta bushe, su ne ke fara mutuwa. Babban itace yana iya jurewa, amma dashen bana ba shi da wannan ƙarfi. Shi ya sa ake dasa itatuwa da murna a watan Yuli, kafin damina ta zagayo kuwa sai a tarar da busassun sanduna a cikin ramuka.

Lulluɓi yana shiga tsakanin rana da ƙasa. Yana hana ruwa tashi da sauri, watau ban-ruwa ɗaya zai daɗe yana aiki. Yana sanyaya ƙasa da rana. Yana hana haske kai wa ga irin ciyawa, don haka aikin cire haki ya ragu. Daɗin daɗawa, a hankali yakan ruɓe ya koma taki, ƙasa ta yi baƙi ta yi laushi. Wanda ke son ganin misali ya leƙa ƙarƙashin itatuwan kurmi, inda babu mai shara: ko da rani, in ya ɗaga ganyen da ke ƙasa zai tarar da sanyi da danshi.

SHAIDAR MASU BINCIKE

Wannan magana ba ta tsaya kan zato ba. A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, wani masanin ƙasa haifaffen yankin Punjab mai suna Rattan Lal ya yi aiki daga 1970 zuwa 1987. Gwaje-gwajensa sun nuna cewa a kudu, inda ruwan sama ke sauka da ƙarfi, ƙasar da aka bari tsirara ruwa yakan daddoke ta ya kwashe samanta, alhali wadda aka lulluɓe da ragowar amfanin gona takan shanye ruwan ta zauna daram. A 2020 aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya kan harkar abinci saboda aikin da ya yi a kan lafiyar ƙasa.

A arewa kuma iska ce babbar mai ɓarna. Masu bincike a Sadore, kusa da Yamai ta Jamhuriyar Nijar, sun tabbatar da abin da manoman gero suka daɗe da sani, cewa karan da aka bari kwance a gona yakan tare rairayi da ƙurar da iska ke ɗauke da su, ya hana ta kwashe ƙasa mai albarka. Ashe ke nan ko ina mutum yake zaune a ƙasar nan, tsakanin Ikko da Katsina, ƙasarsa tana bukatar sutura, sai dai abin da ake kare ta daga gare shi ne ya bambanta.

DA ME ZA A LULLUƁE?

Ba a bukatar sayen kome. Na farko shi ne ganyen da itatuwan gidan suka zubar da kansu. Bayan wannan akwai ɓawon gyaɗa, da ƙaiƙayin shinkafa wanda ke jibge a bayan injinan casa, da karan dawa ko na gero idan aka daddatsa shi, da busasshiyar ciyawa, da ɓawon masara. A kudu akwai ganyen ayaba. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa gara a bar wa dabbobi, domin sun fi bukatarta, kuma in an shimfiɗa ta awaki ba za su bar ta ta kwana ba.

Akwai wasu abubuwa da ya kamata a yi hattara da su. Ciyawar da ta riga ta yi 'ya'ya, in aka shimfiɗa ta, an shuka wa kai aiki ne. Ɗanyar ciyawa kuma a shanya ta tukuna, domin in an tula ta ɗanya takan yi zafi ta cure wuri guda. Garin katako na wajen masu aikin kafinta yana da amfani, amma a bar shi a sama kawai, kada a cuɗa shi da ƙasa, saboda yayin da yake ruɓewa yakan janye sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, sai ka ga shuka ta yi rawaya. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai ya ruɓe sosai. Leda da batir da gwangwani kuwa a tsince su sarai, ba su da wurin zama a gindin itace.

YADDA AKE YI

Da farko a cire ciyawar da ke wurin, a ɗan sassauta ƙasa a hankali ba tare da an sare saiwa ba. Sa'an nan a ba ta ruwa ta ƙoshi. Wannan yana da muhimmanci, domin lulluɓi danshin da ya tarar yake tsarewa. Bayan haka sai a shimfiɗa shi da kaurin santimita 5 zuwa 10, watau tsakanin faɗin yatsu uku da tafin hannu. Ga ƙaramin dashe, a kewaye shi da faɗin kamar mita 1 ta ko wane gefe. Ga babban itace, gwargwadon yadda aka matsa zuwa iyakar inuwarsa, gwargwadon amfanin da zai samu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tula lulluɓin a jikin itacen kamar ana yi wa doya tudu. Ɓawon itace ba ya son zama cikin laima. In ya daɗe a haka sai ya ruɓe, cuta da ƙwari su sami ƙofa. Saboda haka a bar fili kamar faɗin tafin hannu tsakanin lulluɓin da jikin itacen, abin ya zama kamar gammo, tsakiya a buɗe.

A fangalin furanni, ko na alayyafo da tumatir da uwargida ke kiwo a bayan ɗaki, lulluɓin ya fi kyau ya zama mai laushi, marar kauri sosai, kamar santimita 3 zuwa 5. A jira har shuka ta fito ta yi ƙwari, don kada a danne ta. Kafin a sake ban-ruwa a tura yatsa ƙarƙashin lulluɓin: in da danshi, a dakata. Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne ƙarshen damina, tun ƙasa tana da ruwanta. Idan damina ta kankama, musamman a kudu ko a ƙasa mai laka, sai a rage kaurinsa don kada ruwa ya kwanta.

TO, GARA FA?

Wannan ita ce tambayar da ko wane maigida zai yi, kuma yana da gaskiya. Busasshen kara da ganye suna jawo gara, babu shakka. Amma ba ko ina ne zuwanta ke zama hasara ba. A arewacin Burkina Faso, binciken da aka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa idan aka shimfiɗa ciyawa a kan faƙo, gara takan zo ci, ta huda ramuka, ruwan sama ya sami hanyar shiga ƙasar da a da yake gangarewa a kanta. Marigayi Yacouba Sawadogo, manomin nan na lardin Yatenga wanda ya rasu a 2023, da taimakon gara ya rayar da ƙasar da kowa ya fid da rai da ita, ta hanyar haƙa ramuka yana zuba musu taki.

Duk da haka gida ba gona ba ne. Kada a kai lulluɓi jikin bango, ko kusa da ƙofar katako, ko rumbu. A riƙa duba gindin ƙananan dashe ko wane mako, in an ga gara ta fara gini a jikinsu a kankare, a ja lulluɓin baya. Haka nan kunama da maciji suna son wurin ɓuya, don haka kada a yi tuli mai zurfi inda yara ke wasa, kuma a riƙa motsa shi da manjagara maimakon hannu. Da hunturu kuwa a nisanta shi da murhu, gudun gobara.

Abin da ya rage shi ne gwaji, tun da gani ya kori ji. Mai karatu ya zaɓi dashe biyu a gidansa masu girma ɗaya, ya lulluɓe gindin ɗaya, ya bar ɗayan yadda ya saba, ya riƙa ba su ruwa daidai wa daida. Bayan kwana uku da ban-ruwa ya tona gindin ko wanne da yatsa. Abin da ya tarar ya ishe shi hujja. Gobe da safe, in an gama shara, maimakon a nemi ashana, sai a juya da kwandon zuwa gindin mangwaro.