Ciwon Kai Mai Tafiya Yana Dawowa

A Karfi, kamar sauran garuruwan da ke tsakanin Malumfashi da Funtuwa, idan mutum ya ce kansa na ciwo ba a cika tambayarsa wane iri ba. Sai a aiki yaro kyamis ya sayo Panadol, ko a ɗaure kan tamau da ɗankwali. Jibi ciwon ya dawo, a sake aiken yaron. To, 'yan'uwa, ciwon kai ba iri ɗaya ba ne, don haka maganinsa ma ba ɗaya ba ne.

Wanda ya fi yawa shi ne na gajiya. Mutum ya ji kamar an naɗa masa rawani an matse, har ƙeya da wuya su riƙe. Manomin da ya wuni a sunkuye yana tsinkar auduga, ko matar da ta yiwo tafiya da dami a ka, sun san shi. Ƙishirwa, yunwa, ƙarancin barci da tunanin bashin taki duk suna ta da shi. Ruwa, abinci da hutu sukan kwantar da shi.

Na ɓarin kai kuwa daban yake. Yakan kama gefe ɗaya, yana bugawa kamar ana daka, daga awa 4 har kwana 3, tare da tashin zuciya ko amai. Mai shi ba ya son haske ko hayaniya. Wasu sukan ga walƙiya-walƙiya a ido kafin ya fara. Ya fi kama mata, kusan ninki uku na maza, musamman lokacin al'ada, kuma ana gadonsa. Saboda yadda yake zuwa ba sallama, shi ne aka fi ɗora wa iska ko sammu, har a kira wanzami ya yi tsaga a goshi. Tsagar ba ta hana shi dawowa, tabo kawai take bari.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: maganin ciwon kai shi kansa yana jawo ciwon kai. Wanda ke shan Panadol kwana 15 ko fiye a wata, ko ƙwayoyin haɗi irin su Cafenol kwana 10 a wata, ya kuma ɗauki watanni a haka, sai kan ya saba. Da ƙarfin maganin ya sake shi da asuba, ciwon ya tashi, ya ƙara haɗiya, abu ya zama kullum. Mafita ita ce a daina, da shawarar likita, ko da yake kwanakin farko akwai wuya. Babba kada ya wuce ƙwaya 8 ta Panadol a yini, don tana lalata hanta. Mai cin goro ma ya san yadda kansa ke sarawa ranar da bai samu ba.

Haka kuma mai feshin gona ba tare da rufe hanci ba, da mai kwana da garwashi a ɗaki rufe lokacin hunturu, guba suke shaƙa, ciwon kan gargaɗi ne.

Akwai wanda ba a jira da shi ko na dare ɗaya. Ciwon kai mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a bazara, alamar sanƙarau ce. Dattawa ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, ta kuma sake ɓulla a Katsina, Zamfara da Sakkwato a 2017. Mai juna biyu da kanta ke ciwo, fuska da hannu suka kumbura, ganinta ya dusashe, a gaggauta auna jininta kafin jijjiga ta kama ta. Haka ciwon da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da karkacewar baki.

Mai fama da na yau da gobe, ya riƙa rubuta ranar da ya kama shi, abin da ya ci, da yawan ƙwayar da ya sha. Bayan wata guda ya ɗauki takardar zuwa babban asibitin Malumfashi, ya nemi a auna masa jini, a gwada zazzaɓin cizon sauro, a kuma duba idanunsa.