Labarin Fijo Mai Ƙofa Biyu Da Muka Karɓa A Bakin Bashi

Yau ba farashin gero da dawa muka zo da shi ba. Zancen mota ne, amma asalinsa hatsi ne, saboda haka ku ba mu aron kunnuwanku.

Da bazarar 2023 muka ba wani abokin cinikinmu mai kai kaya Maraɗi gero buhu 40 bashi, a kan zai biya kafin kaka. Sai aka yi juyin mulki a Nijar cikin watan Yuli, aka rufe iyakar Jibiya cikin Agusta, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. Kafin nan jarin bawan Allah ya karye. Mutum ne mai kunya, bai ɓuya ba. Ya zo har rumfarmu nan Ƙofar Sauri ya ce, "Alhaji, kuɗi dai babu. Amma akwai wata mota da na gada wajen mahaifina, tana nan gida a lulluɓe. In ka yarda ka riƙe ta a bakin kayanka."

Muka ce wace iri ce? Ya ce Peugeot 504, watau Fijo. Nan take muka sallama. Wa zai ji tsoron 504 a ƙasar nan? Mun tashi mun iske ta a kowace tasha, kowane bakanike ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Kuskurenmu na farko ke nan, mun yi ciniki da suna ba mu ga kaya ba.

Da aka yaye tamfol sai muka ga abin da ba mu taɓa gani ba: gajeriya, mai ƙofa biyu, ta kwanta ƙasa kamar damo. Ita ce Turawa ke kira 504 Coupé, motar gudu da ƙawa. Ku san asalinta. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, ita kuwa wannan mai ƙofa biyu ta fito a 1969, aka daina yin ta a 1983. Wani kamfanin Italiya mai suna Pininfarina shi ya zana jikinta, shi kuma ke ƙera shi. Irin wannan mota, mai babban inji, ita ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1978. To amma ga inda gizo ke saƙa: 504 gaba ɗaya an yi fiye da miliyan 3, alhali masu ƙofa biyu, da mai rufi da mai buɗaɗɗen sama, ko 40,000 ba su kai ba a duniya duka. Kamfanin Fijo na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya yi ta fitar da 504 har 2006, amma salun da wagon da a-kori-kura muka sani a titunanmu.

Bakanikenmu ya kwana biyu a kanta, sa'an nan ya raba mana aibinta uku: inji ba ya tashi, gilashin gaba ya tsage, fitilar baya ɗaya ta fashe. Muka ɗauka inji ne babban ciwo. Ashe shi ne mai sauƙi. Nata ba shi da kafireta, wani famfon mai ne na Jamus ke shayar da shi, kuma ba mu sami wanda ya iya taɓa shi ba. Amma 504 ta Kaduna da wasu 505 suna da inji mai lita 2 ɗan gidansu ɗaya da nata. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano muka samo tokumbo, aka ɗora, mota ta tashi. Tsohon injin kuwa yara suka ce a kai wa 'yan gwangwan su auna. Muka ce a bari tukuna, aka jingine shi bayan buhuna.

Gilashi da fitila su suka nuna mana iyakarmu. Muka aika Panteka ta Kaduna, babu. Wani ɗan'uwa mai kai wake Ikko ya zaga Ladipo da hoton motar a waya, kowa ya ce yana da shi, in an ɗauko sai a ga na salun ne. Aka tambaya Nnewi, inda ake ƙera kayan mota da yawa, aka ce ba mai ɗora ƙira don mota ɗaya. Gaskiyarsu. Ko mu ba mu ɗaukar tirela don tiya guda. Wani dillali ya karɓi kafin alƙalami, ya kawo gilashi ya rantse shi ne. Da aka gwada sai ya zarce wurinsa, lanƙwasarsa ma dabam. Kuɗin nan har yau muna bi.

Daga baya ɗanmu ya duba intanet, ya iske a Faransa akwai masu tara tsofaffin Fijo, har da gidan tarihi na kamfanin a garin Sosho inda aka fi ƙera su. Kaya na nan, amma da kuɗin Turai, ga ladan jirgi, ga kwastan, ga gilashi abin fashewa a hanya. Muka buga lissafi da buhu, muka ga ana so mu zuba sabon gero a bi tsohon. Muka ce albarka.

Ƙarshenta wani mai sha'awar tsofaffin motoci ya ji labari ya zo daga Abuja. Bai ko kula da sabon injin da muke taƙama da shi ba. Tambayarsa ta farko, "Baba, ina injinta na asali?" Da aka janyo shi daga bayan buhuna, ya share lambar da ke jiki ya duba, sai ya ƙara tayi. Abin da muka so ba 'yan gwangwan shi ya ceci cinikin. Bayan cire gyara da la'ada, mun tashi da kuɗin buhu 31. Tara sun tafi, mun ɗauke su kuɗin makaranta.

To 'yan'uwa, ba don mai ƙofa biyu muka rubuta wannan ba, da wuya waninku shi gamu da ita. Don a-kori-kura da J5 ɗin da ke ɗauko mana kaya daga Kaita da Mashi da Ɓatsari muka rubuta. Su ma duk an daina ƙera su, abin da ya same mu yana tafe gare su sannu a hankali. Ga abin da muka koya:

Na ɗaya, kafin ka karɓi tsohuwar mota, saye ko jingina ko biyan bashi, kada ka tsaya ga ƙarar inji. Tambayi kuɗin gilashi da fitila da ƙofa da bamba. Inji yana da dangi, jiki ba shi da.

Na biyu, ka san 'yan'uwan motarka. J5 ta 1981 zuwa 1993 gida ɗaya aka ƙera ta a Italiya da Fiat Ducato da Citroën C25 na wancan zamani, kayan jikinsu da yawa suna shiga juna. Wanda ya san haka yana da rumfa uku inda wani ke da ɗaya.

Na uku, kaya iri uku ne a kasuwa: sabo na asali da ya kwana a shago, da tokumbo da aka ciro daga wata mota, da sabon kwaikwayo. Kwali ba shaida ba ne. Tafi da tsohon a hannunka, a aza su gefe da gefe, a duba lamba, a ji nauyi, kamar yadda ba ka sayen buhu sai ka soka ka ga ƙwaya.

Na huɗu, kada ka biya dillali sai an ɗaura kaya ya zauna. A yi sharaɗi gaban shaidu, in bai shiga ba a mayar.

Na biyar, in kana da a-kori-kura mai yi maka aiki, ka ga irinta ta mutu ana shirin yanka ta, saye ka ajiye. Wannan rumbu ne. Yadda hatsi ke araha da kaka shi yi tsada da bazara, haka kayan motar da aka daina yi, sai dai su kakarsu ba ta dawowa.

Na shida, abin da aka cire daga mota kada a yi gaggawar kai shi sikeli.

Abokin cinikinmu kuwa ya farfaɗo, ya koma kai kaya Maraɗi, muna ba shi bashi kamar da. Sai dai mun gaya masa, in Allah ya kiyaye aka sake, to akuya muke so, ita kowa ya san kuɗinta ranar kasuwa. Allah shi ba mu ciniki mai albarka, shi tsare mu da asara.