Allurar Gyaran Jijiya: Ta Yi wa Ɓera Aiki, Mutum Fa?

Duk mahaucin da ke Zangon Lome, can Agoè inda hukuma ta mayar da unguwar a 1977, ya san agara, farar jijiyar nan da ake rataye rago da ita bayan fiɗa. Ko an yanke ta, da ƙyar a ga ɗigon jini. Ƙarancin jinin nan ne ya sa jijiya ke jinkirin warkewa, ko ta ɗan zemijan ce, wato ɗan acaɓa, da ya faɗi da babur, ko ta ɗan ƙwallo, ko ta yatsan mahaucin da wuƙa ta zame wa. Karaya idan ta ɗoru ƙashi ne yake komawa, amma jijiya da tabo take haɗewa, tabon kuwa bai kai ta asali ƙarfi ba.

Shi ya sa masana suka sa rai a kan sinadaran haɓaka, waɗanda jiki ke saki a bakin rauni domin su umarci ƙwayoyinsa su hayayyafa. Gano su ne ya ba Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen kyautar Nobel a 1986. A 2004 Per Aspenberg na Suwidin ya yanke agarar ɓeraye, ya yi musu allurar ƙwayoyin da ke daskarar da jini, masu ɗauke da waɗannan sinadarai, ƙarfin jijiyar ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari. A 2010 masu bincike a Utrecht ta Holan suka ga amfaninta a jijiyar dawaki. Sai dai a Birtaniya, gwajin PATH-2 na 2019 da ya ƙunshi mutum 230 masu tsinkakkiyar agara bai ga bambanci ba tsakanin waɗanda aka yi wa allurar da waɗanda ba a yi wa ba.

Wani zai ce to ai gwajin dabbobi yaudara ne. A ganina ba haka ba ne, karatunsa ne aka yi rabi. Ɓeran ɗakin gwaji matashi ne mai lafiya, an yanke shi da aska mai tsabta, an ba shi magani nan take, ba dattijo ba ne mai ciwon suga da ya yi mako biyu wajen mai ɗori kafin ya je asibitin Sylvanus Olympio na Lome. Kuma ɓerayen sun nuna abin da masu tallan allura ba su cika faɗa ba: a 2006, da Aspenberg da abokiyar aikinsa suka shanye tsokar ƙafar da maganin Botox har ta daina jan jijiyar, amfanin allurar ya ɓace bayan mako biyu. Wato sinadarin sai da motsi yake aiki. Masu cewa ai da jinin mutum ɗin kansa ake haɗa allurar, ba za ta cutar da shi ba, sun manta cewa kuɗin allurar zai iya biyan ɗinki a kan lokaci, da takalmin tallafi, da watannin motsa ƙafa a hannun ƙwararre.