Transkei: ƙasar da aka ƙirƙira don a mai da ɗan gida baƙo

A zamanin mulkin Faransa, unguwar Plateau ta Turawa ce. Baƙar fata an ajiye su ƙetaren ruwa a Treichville, ko bayan barikin soja a Adjamé. Da safe su shigo aiki, da yamma su koma. Shi ya sa nake ganin labarin Transkei ba baƙo ba ne gare mu, sai dai a can Afirka ta Kudu abin ya wuce rabon unguwa, ya kai ga rabon ƙasa.

Gwamnatin wariyar launin fata ta ware wa baƙar fata yankuna goma da ake kira Bantustan, a kan kusan kashi 13 cikin ɗari na ƙasar. Transkei, yankin 'yan ƙabilar Xhosa, ita ta fara samun mulkin cikin gida a 1963. Ranar 26 ga Oktoba 1976 aka ce ta zama ƙasa mai 'yanci, da tutarta, da babban birninta Umtata, Kaiser Matanzima kuma ya zama firaminista. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi watsi da wannan 'yanci, babu ƙasar da ta amince da shi sai Afirka ta Kudun kanta.

To, ina dabarar take? A takarda take. Da zarar an ce kai ɗan Transkei ne, ka rasa zama ɗan Afirka ta Kudu, ko da a Soweto aka haife ka, ko da ba ka taɓa taka Transkei ba. Ƙarfinka ana so a mahakar zinariya, ƙuri'arka ba a so. Nelson Mandela, wanda aka haifa a Mvezo cikin Transkei, an yi masa tayin saki daga kurkuku in zai koma can da zama, ya ƙi. Ranar 27 ga Afrilu 1994 aka rushe Transkei, aka mai da ita cikin lardin Eastern Cape.

Kwaddibuwa ba ta yi Bantustan ba, amma mu ma mun ɗanɗana zafin tambayar "kai ɗan ina ne?" a shekarun katin zama na baƙi, daga 1990 zuwa 2007. Don haka jama'a, in an yi haihuwa, kada hidimar suna ta sa a manta da zuwa ofishin magajin gari a karɓo wa yaro takardar haihuwarsa.